Odar Tufafi ta Waya da Kasuwar Gwanjo a Argungu: Fa'idodi da Illoli

Mai neman sutura a Argungu ko Birnin Kebbi, in ba yadi zai yanka ya kai wa tela ba, hanya biyu ce ta fi buɗe masa a 'yan shekarun nan. Ko dai ya ga hoton riga a waya ya tura kuɗi ya jira saƙo, ko kuma ya je inda aka baje gwanjo ya tsuguna ya tona har ya dace. Kowace hanya tana da masu yabonta da masu kushe ta, kuma galibi kowane ɓangare mafi munin labarin ɗayan yake ɗaukowa. Mai son gwanjo zai kawo zancen matar da ta biya kuɗin abaya aka aiko mata da ƙyalle shara-shara, mai son oda kuma ya kawo na yaron da ya kwashi ƙazuwa a rigar sanyi. Duka biyun suna faruwa, amma ba su ne ke faruwa kullum ba.

Kafin a auna, ya kamata a lura cewa ba kaya iri ɗaya hanyoyin biyu suke ɗauka ba. Abin da aka fi yin odarsa shi ne atamfa, leshi, shadda, abaya, mayafi, jallabiya, takalmi da jakar mata, wato kayan fita da na Sallah da na lefe. Gwanjo kuwa ya fi ƙarfi a rigunan sanyi, kayan yara, wanduna, ƙananan riguna, barguna, labule da zanen gado. A kayan yara da ƙananan kayan samari ne suka fi yin karo, a nan ne mai saye yake da zaɓi na gaske.

Akwai kuma abin da ya haɗa su, wanda ba a cika faɗa ba. A kowace hanya akwai wanda ke biyan kuɗi kafin ya ga kaya. A oda, mai saye ne. A gwanjo, ɗan kasuwar da ya sayi dila a ɗaure ne, shi kuwa mai saye sai ya gani ya taɓa. Mas'alar ba sabuwa ba ce ga waɗanda suka yi karatun zaure. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a makarantun ilimi na wannan yanki, ta halatta sayen abin da ba ya nan bisa siffa, da sayen kayan da ke cikin ɗauri bisa takardar da ta bayyana su, ta kuma hana sayen tufa da ba a warware ba kuma ba a siffanta ba. Saboda haka sayen abin da ba a gani ba bai zama laifi don kansa ba. Abin dubawa shi ne ko siffar da aka bayar gaskiya ce, da kuma wanda asara za ta hau kansa idan ta zama ƙarya.

Fa'idodi

Babbar fa'idar oda ita ce yawan zaɓi. Argungu gari ne mai kasuwa, amma ba Kantin Kwari ta Kano ba ce. Da, wanda yake son wani zane na musamman sai ya tafi Sakkwato, tafiyar kusan kilomita 100, ko ya ba ɗan kasuwa mai zuwa Kano saƙo ya jira dawowarsa. Yanzu shagunan Kano da Legas suna cikin waya, har da na ƙasashen waje: Jumia da Konga sun fara aiki tun 2012, Temu kuma ta shigo Najeriya a ƙarshen 2024. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, kuma sau da yawa abin da za a ba direba ya kawo ƙulli bai kai kuɗin zuwa da dawowa ba.

Ga matan aure da ba sa shiga kasuwa, wannan sauyi ne mai girma. Da dillaliya ce ke shiga gida da ƙullin kaya, abin da ta kawo shi ne duniyar zaɓin. Yanzu mace tana daga ɗakinta za ta ga kala goma, ta tambayi farashi wurin mutum uku, ta zaɓa da kanta ba tare da ta dogara da idon miji ko na ɗan aike ba. Da yawa kuma sun koma masu sayarwa: su ɗora hoton kayan wani shago na Kano a sitatus na WhatsApp, su ƙara 'yar riba, su haɗa oda su aika. Sana'a ce da ba ta buƙatar shago ko babban jari, kuma ɗalibai mata a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru suna cikin waɗanda irinta ta dace da su.

Oda kuma sabon kaya take kawowa. Akwai wuraren da al'ada ba ta karɓar wanda aka taɓa sawa komai kyansa. Ba a sa gwanjo a lefe, ba a yin ankon biki da shi, tunda anko yana buƙatar turmi da yawa iri ɗaya, gwanjo kuwa kowace riga ita kaɗai ce.

A takarda, mai oda yana da kariyar doka. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai samu dubawa ba kafin a kawo, idan suka saɓa wa siffa ko samfurin da aka nuna masa. Manyan shagunan intanet suna da ƙa'idar mayar da kaya cikin 'yan kwanaki, wasu ma suna yarda a biya bayan kaya sun iso. Tiransifa kuma tana barin shaida, abin da cinikin hannu da hannu ba ya bari.

Ta ɓangaren gwanjo, fa'idar farko ita ce gani ya kori ji. Mai saye zai ɗaga riga ya haska ta a rana, ya ja ɗinki, ya duba hammata da wuya da zif, ya gwada wando a wuyansa ko a damtsensa kamar yadda aka saba, ya auna rigar yaro a jikin yaron. Idan akwai tabo ko huji ya nuna, a rage masa. Ya taya, a ce albarka, ya yi kamar zai tafi, a kira shi. Duk aibin da ke jikin kayan a fili yake, kuma mai kayan yana nan gobe a wurin da aka bar shi. Wannan ita ce fa'idar da oda ba ta da hanyar kwaikwayo.

Na biyu araha, duk da cewa ta ragu. Magidanci mai 'ya'ya shida ko takwas, wanda kuɗinsa ke zuwa lokacin girbin shinkafa, ba zai iya yi wa kowa sabon kaya sau biyu a shekara ba. Yara suna girma da sauri, kuma wasa a ƙasa ba ya barin riga ta tsufa da mutunci. Ga masunci da manomin fadama da mai aikin ɗaukar buhu, kayan aiki abin da za a jiƙa ne a ɓata da laka, ba wanda zai sa sabo ya shiga ruwa.

Sai inganci. Riga mai kyau da aka ɗinka don kasuwar Turai ko Amurka, aka sa ta 'yan lokuta aka bayar, takan fi sabuwa mai araha ƙarko, musamman wandon jins, takalmi da rigar ulu. Wanki ya riga ya gwada ta: in za ta zuba ko ta tsuke, da ta yi tuntuni. Wannan ya fi fitowa a hunturu. Sanyin Disamba da Janairu a bakin gulbi ba wasa ba ne, kuma rigar sanyi mai kauri da bargo na gwanjo su ne abin da yawancin gidaje ke iya kaiwa gare su. Wanda ya san ranar da ake fasa dila ya je da wuri, shi ke samun zaɓen farko, wani lokaci har da kayan da takardar shago ba ta fita daga jikinsu ba.

Gwanjo kuma yana ciyar da mutane da yawa a cikin gari: mai sayen dila, masu sarin zaɓe daga hannunsa, yara masu yawo da kaya a kafaɗa ko a baro, mai wanki da guga, da telan da ke rage tsawo ko ƙugu. Kuɗin oda kuwa yawancinsa fita yake yi.

Illoli

Illar oda da kowa ya sani ita ce hoto daban, kaya daban. Hanyoyin yin hakan suna da yawa, kuma ba duka ne ƙarya tsagwaro ba, shi ya sa kama su ke da wuya. Akan ɗauko hoton rigar wani kamfani mai tsada, a ɗinka kwaikwayonta da yadi mai arha. Akan ɗauki hoto a ƙarƙashin fitila mai ƙarfi, a gyara kala da manhaja, a tsuke rigar ta baya a jikin mai tallar. Yanzu ma akwai hotunan da na'ura ce ta ƙirƙire su, rigar ba ta taɓa wanzuwa ba. Idan aka yi ƙorafi, amsar da aka saba ji ita ce, “Hajiya, ai hasken kyamara ne.” Wani lokacin gaskiya ne hasken ne. Wani lokacin kuma ita kanta mai sayarwar ba ta taɓa ganin kayan ba, hoton aka turo mata daga Kano ta ɗora.

A ƙasar Hausa abin ya fi ciwo a yadi. Darajar shadda da atamfa da leshi a hannu take: nauyi, santsi, ƙarar da take yi in an murza, da yadda take komawa bayan wanki. Hoto ba ya nuna ko ɗaya daga ciki. Shaddar Getzner ta Ostiriya da atamfar Vlisco ta Holan suna da kwaikwayo iri-iri da ake yi a Sin, har da tambari da takarda, kuma a waya duk ɗaya suke. Kwaikwayon ba aibi ba ne idan an faɗa an kuma sayar da shi a kuɗinsa, mutane da yawa shi suke nema da saninsu. Algus ɗin yana wurin karɓar kuɗin na asali a aiko da jabu. A kayan lefe irin wannan yakan wuce asarar kuɗi ya zama abin magana tsakanin dangi biyu.

Akwai kuma abin da ba yaudara ba ne amma sakamakonsa ɗaya. Yawancin tufafi masu araha da ake odarsu daga waje na zaren roba ne. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a kwarin Rima, irin wannan riga ba ta sawuwa. Awo ma haka: abin da masana'antar Sin ta kira babba yakan zama matsakaici a nan, kuma doguwar rigar da ta share ƙasa a hoto takan tsaya a ƙwauri.

Kada a ɗauka ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ke wannan. A watan Yulin 2025 hukumar kare masu saye ta Faransa ta ci kamfanin Shein tarar Yuro miliyan 40 saboda ragin farashi na bogi, bayan bincike ya nuna fiye da rabin tallan da aka duba babu wani ragi a cikinsu. A Amurka kuma, a 2022, kamfanin Fashion Nova ya amince ya biya dala miliyan 4.2 kan zargin ɓoye sharhin masu saye da ba su yaba kayansa ba. Wannan yana nuna cewa farashin da aka soke da jan layi da taurari biyar da ke ƙarƙashin hoto ba hujja ba ne. Yana kuma nuna cewa inda hukuma ke da ƙarfi ana kama masu yi.

Mafi muni ita ce damfara tsantsa. A buɗe shafi a Instagram ko Facebook da hotunan sata, a sa farashi mai sauƙi, a ce kaya sun kusa ƙarewa. Da zarar alat ya shiga sai a toshe lambar mai saye, bayan mako guda shafin ya sauya suna. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Adalci dai a faɗa cewa masu yin haka tsiraru ne a cikin dubban masu sana'ar gaskiya, kuma su masu gaskiyar ne suka fi cutuwa da ɓacin sunan.

Kariyar dokar da aka ambata a sama tana raguwa da nisa. Mutumin Argungu da aka aiko wa kaya ba daidai ba daga Legas zai lissafa kuɗin mayarwa, da jiran makonni, da yiwuwar a ce kayan sun lalace a hannunsa. Sau da yawa lissafin ba ya fita, sai ya haƙura ya ba ƙanwarsa. Yawancin oda ma ba ta manyan shaguna take bi ba, ta tasha take bi: a ba direba ƙulli da lambar waya a jiki, babu rasit, babu inshora. Idan ya ɓace ko ruwa ya taɓa shi, mai kaya ya ce direba, direba ya ce ɗan kamasho. Idan kuma mai sayarwar 'yar uwa ce ko maƙwabciya, kunya ta hana a mayar. Ba kowa ne kuma ya san akwai hukumar da ake kai wa ƙara ba, balle ya bi ta kan atamfa turmi ɗaya.

Illar gwanjo ta farko ta shari'a ce, kuma masu saye da yawa ba su san da ita ba. Tufafin da aka yi amfani da su suna cikin jerin kayan da Najeriya ta haramta shigo da su kwata-kwata. Saye da sayarwa a kasuwa a fili ake yi, amma shigowar ta fasa-ƙwauri ce. Diloli suna sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su hau arewa zuwa Malanbil da Gaya ta Nijar, garin da ya daɗe yana zaman ma'ajiyar gwanjon da ake tsallakowa da shi Najeriya, ga Kamba kuma a kusa. Wasu ta Legas da kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano suke biyowa. Duk ranar da kwastan suka kama mota, jarin wani ne ya tafi, kuma kuɗin da ake kashewa a hanya a kan mai saye yake ƙarewa.

Saboda haka farashin gwanjo a Kebbi yana bin siyasar iyaka da canjin kuɗi. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. An sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ta daga ɓangaren Najeriya ba sai Maris na 2024, gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya kuma ta ci gaba da zama a rufe bayan haka. A daidai wannan lokaci naira ta faɗi daga kusan 460 kan dala ɗaya a Mayun 2023 zuwa sama da 1,500 a Fabrairun 2024, alhali da dala da sefa ake sayen dila. Zaɓen farko na gwanjo yanzu yakan yi kafaɗa da sabon kaya mai araha. Tsadar dala ta taɓa oda ita ma, sai dai mai odar abaya yana iya fasawa, mai neman rigar sanyin yara ba ya iyawa.

Ɗan gwanjo shi ma ana yaudararsa. Dila takan zo da nauyin kilo 45 ko 55, wata har 100, da takarda mai cewa kaza ne a ciki, daraja ta ɗaya. Sai an yanke ɗaurin ake sanin gaskiya. Akwai masu kwance dila a hanya su tsince masu kyau su sake ɗaurewa. Idan ta fito da kyau ya ci riba, idan tsummoki suka yi yawa babu wanda zai mayar wa. Ingancin ma gaba ɗaya yana sauka, domin tufafin roba masu araha da mutanen Turai ke oda su sa sau kaɗan su jefar, su ne ke cika diloli yanzu. A kasuwar Kantamanto ta Akara, wadda gobara ta cinye babban ɓangarenta a farkon Janairun 2025, ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na abin da ake fasawa shara yake zama. Wanda ya yaba ƙarkon gwanjo saboda rigar da ya saya shekara goma da suka wuce, ya duba ko irinta ce ake bajewa yau.

Batun lafiya gaskiya ne, amma an fi ƙara masa gishiri. Ƙazuwa, makero, kwarkwata da kuɗin cizo suna iya bin tufa, kuma warin nan na gwanjo na maganin feshi ne da wasu fatarsu ba ta ɗauka. Wanki da ruwan zafi da sabulu, shanya a rana da guga mai zafi suna kawar da yawancin wannan, rana kuwa ba ta yi wa Argungu ƙaranci ba. Inda likitoci suka fi ja shi ne kamfai, rigar mama da kayan jarirai sabbin haihuwa. Cutar ƙanjamau ba ta bin tufa, duk da ana jin masu faɗar haka.

Akwai ƙananan illoli da ba a rasa ba. Wasu riguna suna ɗauke da rubutu ko hoton da mai sawa bai san ma'anarsa ba, tallar giya ko kalmar batsa, ya shiga da ita masallaci. Yawancin kayan matan Turai ba su dace da suturar nan ba sai a ƙarƙashin hijabi. Tono yana cin lokaci, kuma ba a zuwa da tabbacin samun abin da ake nema. Kunya ma tana nan, shi ya sa wasu ke aika yaro ko su bari sai da yamma.

Ana kuma ɗora wa gwanjo laifin mutuwar masaƙu. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 da masaƙar UNTL da sauran masaƙun Kano da Gusau sun durƙushe, kuma gwanjo yana da nasa kaso. Amma rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai da kwararowar sabuwar atamfar Sin sun fi shi nauyi, tunda atamfa da yadi waɗannan masaƙu suka fi yi, ba rigar sanyi ba.  A wannan ma'auni oda ba ta fi gwanjo tsarki ba, domin yawancin abin da take kawowa ba a Najeriya aka saƙa shi ba.

Sabon abin da ya shigo shi ne gwanjon da kansa ya koma waya. Ana fasa dila kai tsaye a TikTok, ana ɗaga riga ɗaya bayan ɗaya, wanda ya riga cewa nawa ne ya tura kuɗi. Wasu kuma suna wankewa su goge su ɗauki hoto a jikin mutum-mutumi su ninka farashi. Ga wanda ba ya iya zuwa kasuwa, ko yake jin nauyin a gan shi a can, wannan sauƙi ne. Amma wanda ya sayi gwanjo ta wannan hanya ya sayi tsohuwar riga da bai taɓa ba, ba ta da ta biyu da za a musanya masa, kuma kusan duk masu sayar da ita sharaɗinsu ɗaya ne: ba a mayarwa.